Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi: na karanta, ga abin da na gani a ciki

Masu tambayata wane littafin Turanci za su saya in suna son labarin yaƙi da sihiri, irin wanda yaran da ba a ɗauke su a bakin komai ba suke tashi su ceci ƙasa gaba ɗaya, to ga wanda nake fara ambata musu, Children of Blood and Bone. Tun daga farko ma bari in faɗa, ku saya, ya cancanci kuɗinsa. Amma fa akwai wuraren da ya ɓata min rai sosai kuma ba zan rufe su ba, sannan akwai abin da ya kamata uwa ko yaya ta sani kafin ta miƙa wa ɗan shekara 12. Zan taɓa wasu abubuwan da suka faru a tsakiyar labarin don ba yadda za a yi in yi bayani ba tare da su ba, ƙarshen dai na bar muku shi ku gani da idonku.

Marubuciyar Bayarbiya ce amma haifaffiyar Amurka, 1993 aka haife ta, a wajen Shikago ta tashi, ta yi digiri a adabin Turanci a Harvard ta gama a 2015, daga nan ta samu tallafin karatu ta tafi garin Salvador na Brazil, kuma abin mamaki a can ne ta haɗu da hotunan orisha, wato abubuwan bautar gargajiya na Yarbawa, ba a Najeriya ba, saboda bayin da aka kwasa zuwa Brazil sun tafi da addininsu kuma har yau jikokinsu suna riƙe da shi. To daga nan labarin ya samo tushe. Tana 'yar shekara 23 aka sayi littafin da kuɗin da ya kai miliyan na dala, tun bai fito ba aka sayi haƙƙin yin fim ɗinsa, ya fito a watan Maris 2018 a kamfanin Henry Holt ya shiga kai tsaye lamba ɗaya a jerin littattafan matasa da suka fi ciniki na jaridar New York Times, ya kuma ci lambobin yabo irin su Andre Norton da Lodestar. A nan gida kamfanin Ouida Books na Lola Shoneyin da ke Legas ya buga nasa kwafin, don haka ba dole sai an yi odarsa daga waje ba.

Littafin kato ne, ya haura shafi 500, kar kaurinsa ya tsorata ku. Babi 85 ne kuma gajeru gajeru, wani ma shafi uku ka gama, kowane babi da sunan wanda yake ba da labarin a samansa, mutum uku ne suke karɓa-karɓa, Zélie da Amari da Inan, kowa da bakinsa yake magana kamar yanzu abin yake faruwa. Turancin ba mai wuya ba ne ko kaɗan, duk wanda ya gama sakandare yana karatu ba tare da ya riƙa duba kamus kowane layi ba zai iya, abin da zai ɗan rikita mutum a farko sunayen ne kawai, shi ya sa a gaban littafin aka sa taswirar ƙasar da jerin dangogin masu sihiri guda goma, kowanne da baiwarsa da abin bautarsa, za ka yi ta komawa wannan shafin har ka saba. Bangon ma abin kallo ne, fuskar baƙar yarinya da farin gashi fat ya miƙe sama, idonta a kanka. Akwai na saurare ma wanda Bahni Turpin ta karanta, ga wanda ido ke ba shi matsala ko mai doguwar tafiya a mota.

Ƙasar sunanta Orïsha. Da can akwai mutanen da ake kira maji, ana haifarsu da farin gashi, in sun kai shekara 13 baiwarsu ta buɗe, wani wuta yake sarrafawa, wani ruwa, wani iska, wani ƙasa da ƙarfe, wani yana warkar da cuta, wani yana hango abin da zai faru, wasu kuma kamar mahaifiyar Zélie suna da iko a kan ruhin matattu. Rana ɗaya sihirin ya ɗauke cak, a daren kuma Sarki Saran ya saki sojoji suka bi gida gida suka kashe duk wani maji da ya girma, aka bar yara ƙanana da ba su kai 13 ba saboda ba su da abin da za su iya. Zélie tana da shekara 6 aka ja uwarta da sarƙar wani baƙin ƙarfe mai ƙona fatar maji aka rataye ta a bishiya, ita kuma ta gani. Labarin yana farawa bayan shekara 11 da wannan daren, yaran nan masu farin gashi sun girma ba sihiri ba gata, ana kiransu tsutsotsi a bainar jama'a, an ɗora wa duk mai riƙe da su haraji na musamman wanda kullum ƙaruwa yake, in an kasa biya a kwashi yaron a kai shi aikin dole wai har sai ya biya bashi, bashin da an tsara shi yadda ba zai taɓa biyuwa ba. Wannan tsarin harajin wallahi shi ya fara kama ni tun kafin a zo maganar sihiri, don ta nuna yadda ake murƙushe mutane ba sai da takobi kullum ba, da takardar bashi ma ana yi.

Babin farko ya isa ya nuna maka ko za ka so littafin. Wata tsohuwa Mama Agba tana da ɗaki a Ilorin inda take koya wa 'yan mata faɗa da sanda a ɓoye, Zélie na tsakiyar karawa da wata yarinya mai ji da kanta sai aka yi sigina cewa sojoji na zuwa, kafin ƙiftawar ido an ɓoye sanduna an jawo yadi da allura, kowa ta duƙufa kamar ɗinki suke koya tun safe. Sojojin suka shigo karɓar haraji, harajin da ba a daɗe da biya ba, Zélie ta kasa riƙe bakinta ta yi magana, ɗaya daga ciki ya damƙe ta ya fyaɗa ta da ƙasa yana taɓa jikinta yadda ya ga dama, kuma yarinyar nan da yanzun nan muka ga ƙwarewarta da sanda ba abin da ta iya yi, don ta san in ta ɗaga hannu duk ɗakin za a hallaka. Tsohuwar ce ta lallaɓa ta biya su suka tafi. Ka ga daga nan ka gane wace ce Zélie, zuciya gare ta, bakinta yana rigan tunaninta, kuma kusan duk masifar da ta afka wa gidansu a littafin akwai hannun wannan gaggawar tata a ciki, yayanta Tzain kullum cikin faɗa mata haka yake. Ba irin jarumar da komai ta yi daidai ba ce, kuma na ji daɗin hakan.

Babansu tun daren da aka kashe matarsa bai koma daidai ba, ranar nan ya shiga teku shi kaɗai neman abin biyan haraji ya kusa nutsewa, jirgin ma ya tafi, shi ne Zélie da Tzain suka hau Nailah, wata ƙatuwar zakanya mai ƙaho da suke hawa kamar doki, suka nufi Legas babban birni don sayar da wani kifi mai tsada da ya rage musu. Ta sayar ta samu kuɗi masu kauri, tana shirin fita daga kasuwa sai wata yarinya a lulluɓe ta riƙe mata hannu tana roƙon ta taimake ta.

Yarinyar nan ita ce Amari, 'yar Sarki Saran, kuma ni a wajena ita ce littafin. Kowa Zélie yake yabo, ita ce a bango, ita ce aka zaɓa, to amma Zélie ba ta da zaɓi, an kashe uwarta, ana kiranta tsutsa, in ba ta yi faɗa ba mutuwa za ta yi. Amari fa? Gimbiya ce, tana da abinci tana da sutura, abin da ake nema a wajenta kawai ta yi shiru ta zauna da kyau a teburin shayi. Kuma matsoraciya ce ta gaske, ba irin tsoron da marubuta ke liƙa wa jaruma a shafi biyu a na uku ta zama zaki ba. Ubanta tun suna yara yake ba ta takobi na gaske ita da yayanta Inan ya ce su sari juna don su yi tauri, ta kasa, Inan bai kasa ba, tabon yana nan a bayanta daga sama har ƙasa. Uwarta kuma Sarauniya Nehanda ba abin da ya dame ta irin launin fatar 'yarta, wai ta yi duhu da yawa a matsayin jinin sarauta, ana ta dirje ta da haɗe-haɗe don ta yi haske, matan fada suna zaune suna auna juna da hasken fata. Duk wadda ta taso a inda ake sayar da man bilicin a kowane lungu, ake ce wa yarinya ai da kin ɗan yi haske da kin fi haka kyau, ba sai an fassara mata wannan wajen ba.

Mutum ɗaya ce take ɗaukar Amari a matsayin mutum a duk fadar nan, hadimarta Binta, mai farin gashi. Sai ga wata tsohuwar naɗaɗɗiyar takarda an kawo wa sarki, aka ce duk mai farin gashin da ya taɓa ta sihirinsa zai dawo, sarki ya ce a gwada, aka jawo Binta aka ɗora hannunta a kai, haske kala-kala ya ɓarke daga tafinta ya cika ɗakin, Amari tana laɓe tana kallo tana ganin abin da bata taɓa ganin kyakkyawa irinsa ba, kafin hasken ya gama bajewa ubanta ya soke Binta da takobi. Ba ta yi ihu ba, ba ta fito ta ƙalubalance shi ba, jikinta rawa yake, abin da ta iya kawai ta saci takardar ta gudu, kuma ko gudun ma ba ta iya ba sai da Zélie ta ja ta. Daga nan har kusan rabin littafin Zélie ba ta daina gasa mata magana ba, tana ganin fuskar ubanta a fuskarta, ita kuma tana haɗiyewa. A Sakkwato da kuɗin guzuri ya gagara sai da ta cire adon kanta, abu ɗaya tak da ya rage mata mai tuna mata da Binta, ta miƙa wa ɗan kasuwa. Wannan ƙaramin wajen ya fi min yaƙe-yaƙe da yawa na littafin, don kana gani tana miƙawa hannunta baya son saki. A haka a haka, kaɗan kaɗan, har ranar da ta zare takobi da kanta. Marubuciyar ta yi haƙuri da Amari, ba ta yi mata tsalle ba, shi ya sa lokacin da ta tsaya da ƙafarta ka yarda.

Aikin da ke gabansu shi ne su haɗa abu uku, takardar nan, da wata wuƙar ƙashi, da wani dutse mai haske kamar rana, su kai su wani tsibiri kafin wata rana da ba ta zagayowa sai bayan shekara ɗari, in ta wuce sihiri ya tafi har abada. Wannan tsarin na je ka nemo kaza a wuri kaza kafin lokaci ya ƙure ba sabo ba ne, duk wanda ya karanta littattafan yaƙi na Hausa da ake sayarwa a kasuwannin Kano ya san shi ciki da bai, kuma ba a nan ƙarfin littafin yake ba. Ƙarfinsa yana cikin abin da suke tararwa a hanya.

Misali Ibeji. Gari ne a tsakiyar hamada inda kofin ruwa ɗaya sai ka ba da tsabar zinare, ma'aikatan dole masu farin gashi suna faɗuwa suna mutuwa da ƙishi a kan titi, amma da dare sai a buɗe bututu a cika wani ƙaton filin wasa da ruwa har ya zama tafki, a zuba jirage a ciki, a cika su da waɗannan bayin a ce su yi ta harbin juna da igwa har sai jirgi ɗaya ya rage, masu kuɗi suna saman benci suna ihu suna caca. Ladan wanda ya ci shi ne dutsen da su Zélie suke nema, don haka dole su shiga, dole su kashe mutanen da suka fito don su 'yanta. Zélie a nan ta fara kiran ruhin waɗanda suka mutu a filin, suna tasowa daga cikin ruwan da ya koma ja. Na karanta wannan wajen numfashina a sama, kuma abin da ya tsaya min a rai ba yaƙin ba ne, ruwan ne, yadda ake da shi har na wasa amma babu na sha.

Abu na biyu da littafin ya yi da kyau shi ne tsoron Zélie. Tana da zafi tana da sanda, daga baya ga sihiri, amma akwai wajen da ta fashe da kuka ta faɗa wa Inan cewa ita kullum a tsorace take, tun tana shekara 6 ba ta yi kwana ɗaya ba tare da tsoro ba. Sannan da aka kama ta aka kai ta kurkukun soja na Gwambe, Saran da kansa ya sa aka zana mata kalmar tsutsa a gadon baya da wuƙa. Bayan an ceto ta ba ta miƙe ta karkaɗe jiki ta ci gaba kamar yadda jarumai suke yi a fim ba, sihirin ya ƙi zuwa, in an taɓa ta sai ta zabura, tana ɓoye wa 'yan tafiyarta cewa ba abin da ya rage a jikinta alhali duk sun dogara da ita. Ban cika ganin littafin matasa da ya tsaya ya nuna cewa azaba tana barin rauni a zuciya bayan na jiki ya warke ba. Haka kuma littafin bai ce sihiri alheri ne zalla ba, Saran ma yana da dalilinsa, maji masu wuta ne suka kashe matarsa ta farko da 'ya'yansa, kuma akwai wajen da wani saurayi Kwame ya mayar da kansa gobara don ya kare yara, Zélie kanta ta tsaya tana tambayar kanta anya ya dace a mayar wa kowa irin wannan ƙarfin. Tambaya ce ta gaske kuma ba a ba ta amsa mai sauƙi ba.

To yanzu inda raina ya ɓaci. Inan. Yarima ne, shi aka tura ya kamo ƙanwarsa, shi ya jagoranci sojojin da Ilorin ta ƙone a hannunsu, sai kuma ga farin gashi ya fara tsiro masa a ka, yana shafa baƙin rini yana ɓoyewa, yana danne sihirin har yana sa shi ciwo. Wannan tunani ne mai kyau ƙwarai, mutumin da ya taso da ƙin wasu mutane ya wayi gari shi ma ɗayansu ne. Amma yadda aka tafiyar da shi ya gajiyar da ni, yau zai kashe Zélie, gobe zai kare ta, jibi ya koma wajen ubansa, gata ya sake dawowa, kuma kowane juyi sai an ba shi babi guda yana maimaita maganganun da ya riga ya yi. Abin da ya fi ci min rai soyayyar da aka ƙulla tsakaninsa da Zélie. Haba. Mutumin da ya ƙona garinku, ya bi ku da takobi daga wannan gari zuwa wancan, ɗan wanda ya rataye uwarki, a cikin 'yan kwanaki har an kai ga rawa da sumbata a wajen biki? Na san baiwarsa ta sa ya shiga zuciyarta ya ji zafin da take ji, wannan zai iya sa shi ya canza, amma ita me ya canza ta da wannan saurin? Yarinyar da ta kasa yafe wa Amari laifin da ba ita ta yi ba har rabin littafi, ta yafe wa Inan laifin da ya yi da hannunsa a babi kaɗan. Tzain da ya fusata a kan wannan ni ina bayansa ɗari bisa ɗari. Kuma an tsaya biki ana da sauran kwanaki ƙalilan a rasa komai, wannan ma bai shige ni ba, duk da dai abin da ya biyo bayan bikin, da yadda aka harbe Zulaikha, yarinya 'yar shekara 13 da ta fito da hannu biyu tana neman sulhu, ya sa ni hawaye.

Sai maganar sunayen garuruwa, wadda ta shafe mu kai tsaye. Ka buɗe taswira ka ga Sakkwato, ka ga Gwambe, ka ga Zariya, ka ga Jimeta, ranka ya yi fari ka ce yau ga mu a littafin da duniya take karantawa. Da ka shiga ciki sai ka tarar suna ne kawai aka ara. Sakkwato wani zango ne na matafiya a bakin tafki, Gwambe garin maƙera da hayaƙin ƙarfe, Jimeta kuma da muka sani a gefen Yola a bakin Binuwai an mayar da ita garin 'yan fashi da sojojin haya a kan duwatsun bakin teku, Ilorin ma da ko kusa da teku ba ta yi ba ta zama ƙauyen masunta da ke yawo a kan ruwa. Na yarda ƙasar ƙirƙira ce, marubuciya tana da ikon ta sa gari inda ta so. Amma tunda an ɗauki sunan, ina laifin a ɗan ɗauko wani abu na mutanen wajen, ko harshe, ko sutura, ko abinci, ko ganuwa da rini da dawaki? Babu. Daga kudu har arewa kowa al'ada ɗaya, addu'o'in sihiri duk da Yarbanci, abinci shinkafa jalof, kuma tambarin gidan sarauta wata damisar ƙanƙara ce, dabbar da ba ta da alaƙa da wannan yankin namu. A nan kake gane cewa an rubuta littafin ne da mai karatu na Amurka a zuciya, wanda Sakkwato da Jimeta duk sauti ne mai daɗi a kunnensa. Ban riƙe ta da zafi ba, don labarin kakanninta ta tashi bayarwa ba namu ba, amma ya sa na ji kishi, na ce ina namu marubutan da za su ɗauki Daura da Kufena da Gobir su gina irin wannan duniyar da girmanta, ga kayan aiki nan jibge.

Game da addini kuwa gara in faɗa a fili don na san za a tambaya. Littafin a kan abubuwan bautar gargajiyar Yarbawa aka gina shi, Oya da Sango da Yemoja da sauransu, da wata uwa ta sama da aka ce ita ta halicce su, jaruman suna roƙonsu suna kiran sunansu, akwai sihirin da ake yi da jini, akwai tayar da ruhin matattu. Kuma waɗannan sunayen ba ƙirƙirarsu ta yi ba, akwai masu bauta musu yau a ƙasar Yarbawa da Brazil da Kuba. Ni na karanta shi a matsayin almara kamar yadda muka taso muna jin labarin aljanu da dodanni ba tare da ya taɓa imaninmu ba, babba mai hankali ba abin da zai same shi. Amma yaro ƙarami da bai gama sanin nasa ba, ni ba zan ba shi ba, in kuma mutum ya ji zuciyarsa ba ta kwanta da irin wannan ba to ya bari, ba dole. Ga kuma zubar da jini mai yawa, ga azabtarwa, ga wurare biyu zuwa uku na soyayya da suka ɗan wuce riƙe hannu. A ganina daga shekara 16 zuwa sama ne.

In kun gama kar ku rufe ba ku karanta bayanin marubuciyar na ƙarshe ba. A nan ta faɗi cewa ta rubuta shi ne a lokacin da take ta ganin 'yan sandan Amurka suna harbe baƙaƙen fata da ba su ɗauke da makami, ta ambaci yara irin su Tamir Rice mai shekara 12 da Aiyana Stanley-Jones mai shekara 7 da Jordan Edwards mai 15. Da na karanta sai wajen sojan nan a ɗakin Mama Agba da wajen Zulaikha suka canza min kama gaba ɗaya, na gane ba daga kanta ta ƙago zafin ba.

Littafi na biyu, Children of Virtue and Vengeance, ya fito a Disamba 2019, na uku kuma Children of Anguish and Anarchy sai a Yuni 2024. Gaskiya ba su kai na farko ba. Na biyun ya fara da tunani mai kyau, sihiri ya dawo amma ba ga maji kaɗai ba, har da 'ya'yan sarauta masu jinin maji a ɓoye, don haka azzalumi ma yanzu yana da irin makaminka, sai dai kusan duk littafin rigima ce tsakanin mutanen da ya kamata su zauna su yi magana ta minti biyar, kuma abin da aka sa Amari ta aikata a Ibadan ya yi min ciwo ƙwarai, na fahimci ana so a nuna yadda son mulki ke lalata mai kyakkyawar niyya, amma an yi mata gaggawar da ba a yi mata a na farko ba. Na ukun ya fi su gajarta, ya kwashe labarin ya kai wasu ƙasashe da sabon maƙiyi daga ƙetaren teku, ya bar tambayoyin da aka taso da su tun farko ba a warware su yadda ya kamata ba. Fim ɗin kuma bayan ya yi ta yawo daga kamfanin fim na Fox zuwa na Lucasfilm ya dire a na Paramount, Gina Prince-Bythewood ce darakta, Thuso Mbedu 'yar Afirka ta Kudu ce Zélie, Damson Idris ne Inan, Chiwetel Ejiofor ne Sarki Saran, Viola Davis ce Mama Agba, an sanar da fitowarsa a Janairu 2027.

Shawarata ku sayi na farkon shi kaɗai tukuna, kar ku kwashi ukun a lokaci ɗaya. Ku karanta shi kafin fim ya fito don ku ga Amari da idon zuciyarku kafin a nuna muku ta wani. In kun kai shafin ƙarshe kun ji ba za ku iya haƙura ba sai kun san abin da ya biyo baya, to ku ari na biyun a wajen wanda yake da shi kafin ku yanke shawarar kashe kuɗi a kan sauran.